Cikon Ƙashi Mai Sakin Magani: Yadda Fasaha Ke Farautar Ragowar Kansar Ƙashi Bayan Tiyata

Darasinmu na yau ya ɗan kauce daga wayoyi da kwamfutoci, ya shiga ɗakin tiyata. Na'urar da za mu duba ba ta da batiri, ba ta da allo, ba a kuma saka ta caji. Wani abu ne da likita ke cusawa a cikin ramin ƙashi ya ɗinke, shi kuma ya zauna can yana sakin magani kaɗan-kaɗan.

A shekarar 1977 likitoci suka gano kansar ƙashi a gwiwar wani matashi ɗan ƙasar Kanada mai suna Terry Fox, yana ɗan shekara 18. Aka yanke masa ƙafar dama daga saman gwiwa. A watan Afrilun 1980 ya ɗaura ƙafar roba ya fara gudu da niyyar ratsa Kanada daga gabas zuwa yamma don tara kuɗin binciken kansa. Ya yi kwana 143 a hanya, ya ci kilomita 5,373, sannan dole ta sa ya tsaya, domin ciwon ya ɓulla a huhunsa. Ya rasu a watan Yunin 1981 yana da shekara 22. Mai karatu ya riƙe wannan labari, don za mu koma kansa: an cire ƙafar ɗungurungum, amma ciwon bai tafi ba.

Ciwon da kansa

Nau'in kansar da ta kama Terry Fox sunanta ostiyosakoma. Ita ce kan gaba a cikin kansar da ke farawa daga ƙashi a jikin yara da matasa, kuma ta fi bayyana a shekarun da yaro ke miƙewa da sauri. Wuraren da ta fi so su ne ƙarshen ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri, wato kewayen gwiwa, sai kuma saman ƙashin dantse kusa da kafaɗa.

Kafin shekarun 1970, maganinta ɗaya ne: yanke gaɓa. Duk da haka, kusan mutum takwas cikin goma sukan rasu, domin tun kafin a gano ciwon wasu ƙwayoyinsa ƙanana sun riga sun bi jini sun sauka a huhu. Da aka fara haɗa tiyata da magungunan kemoterafi sai lissafi ya sauya. A yau, cikin waɗanda aka gano ciwon bai bazu ba, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari suna wuce shekara biyar a raye, kuma a manyan cibiyoyi mafi yawansu ba a yanke musu ƙafa. Ana cire ɓangaren ƙashin da ya kamu ne kawai, a maye gurbinsa.

Matsaloli biyu da tiyata ke bari

Ta farko ita ce giɓi. Idan aka cire tsawon kamu guda na ƙashin cinya, jiki ba zai iya cike wannan wuri da kansa ba. Ƙaramar karaya takan haɗe, amma babban giɓi sai an sa masa wani abu: ƙarfe, ko ƙashin da aka ɗebo daga wani sashen jikin, ko wanda aka samo daga wani mamaci.

Ta biyu ita ce ragowa. Likita yakan yanke har da lafiyayyen nama da ke kewaye da ƙarin don ya tabbatar bai bar komai ba. To amma idan ƙarin ya jingina da babbar jijiyar jini, ko yana cikin ƙashin ƙugu ko na baya, ba a samun filin yin haka. Duk manomi ya san halin ciyawar kiri-kiri: ka nome ta fes, guntun saiwa ɗaya ya rage a ƙasa, ruwa na sauka ta dawo. Haka ƙwayoyin kansa suke. Kuma ciwon da ya dawo a wurin da aka yi aiki ya fi na farko wuyar sha'ani.

Me ya sa ba za a ƙara yawan kemoterafi ba kawai? Saboda maganin da aka sa ta jijiya jiki duka yake zagawa, kaɗan ne ke isa inda ake buƙata, ballantana wurin da aka yanyanke ƙananan hanyoyin jininsa a lokacin tiyata. Sannan kowanne daga cikin manyan magungunan uku yana da inda yake ɓarna. Doksorubisin yana raunana tsokar zuciya, shi ya sa akwai iyakar adadin da ake ba mutum a duk tsawon rayuwarsa. Sisplatin yana taɓa ƙoda da ji. Metotireksat, idan aka ba da shi da yawa, yana kawo gyambon baki, yana kuma wahalar da hanta da ƙoda. Daga nan tunanin ya taso: tunda dole ne a cike giɓin da wani abu, me zai hana abin cikon ya zama shi ne rumbun maganin?

Tunanin ba sabo ba ne

Mata da yawa sun san ashanar tsarin iyali da ake sa wa a ƙarƙashin fatar dantse, wadda ke sakin sinadari a hankali na tsawon shekara uku ko biyar. Dabarar ɗaya ce. A fannin ƙashi kuwa, likitan Ingila John Charnley ne ya yaɗa amfani da simintin ƙashi na PMMA wajen kafa ƙugun roba a wajajen 1960. A 1970 wasu likitocin Jamus biyu, Buchholz da Engelbrecht, suka ba da rahoton gauraya simintin da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Har gobe ana amfani da wannan dabara a asibitocin ƙashi, har da wasu ƙwallaye masu ɗauke da maganin jentamaisin da ake jerawa a waya kamar carbi a cusa a ƙashin da ya ruɓe.

A ɓangaren kansa, misalin da ya fi shahara daga ƙwaƙwalwa ya fito. Gliadel wasu 'yan faya-faye ne masu kamar ƙaramin kwabo, kowanne na ɗauke da miligiram 7.7 na maganin kamustin. Bayan an cire ƙari, likita yakan jera har guda takwas a ramin, su narke cikin makonni biyu zuwa uku. Henry Brem na Jami'ar Johns Hopkins da Robert Langer na MIT ne suka jagoranci aikin, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1996. A babban gwajin da aka yi kan sabbin marasa lafiya, matsakaicin tsawon rayuwa ya tashi daga wata 11.6 zuwa wata 13.9. Ƙarin bai kai yadda aka yi buri ba, amma ya nuna cewa dabarar tana aiki a jikin ɗan Adam.

Yadda magani ke fita daga cikin ciko

Hanyoyi uku ne manya.

Ta farko ita ce tsatsafowa. Ruwan jiki yana shiga ƙofofin cikon, ya narkar da maganin, ya fito da shi, kamar yadda sabuwar randa ke gumi. A farkon shekarun 1960 masanin harhaɗa magunguna Takeru Higuchi ya fitar da lissafin wannan: jimillar maganin da ya fita tana bin tushen murabba'in lokaci ne. Mu ɗauki misali don fahimta. A ce a rana ta farko miligiram 10 ya fita. A rana ta 4 jimilla za ta kai 20, a rana ta 9 ta kai 30, a rana ta 16 ta kai 40. Kafin ta kai 100 sai rana ta 100. Ka ga ke nan ranar farko ita kaɗai ta ba da 10, amma daga rana ta 81 zuwa ta 100, kwana 19 cur, 10 ɗin ne kacal ya ƙaru. Dalili a fili yake: maganin da ke bakin fata ne ke fara fita, na can ciki kuwa tafiyarsa na daɗa nisa.

Wannan shi ne babban ciwon kan injiniyoyi. Ambaliyar farko tana iya ƙona lafiyayyen nama ta hana rauni warkewa. Ɗigon ƙarshe kuma yana iya yin ƙarancin da ba zai kashe ƙwayoyin kansa ba, har ma ya ba masu taurin kai a cikinsu damar sabawa da maganin.

Hanya ta biyu ita ce narkewa. A nan cikon da kansa ne ke zaizayewa, kamar sabulu a hannu, maganin na fita gwargwadon yadda yake cinyewa. Wannan ya fi ba da damar daidaita gudu.

Ta uku ita ce sakin magani bisa umarni. Ruwan da ke kewaye da lafiyayyun ƙwayoyin jiki yana kan 7.4 a ma'aunin tsami na pH, amma kewayen ƙari yakan sauka zuwa wajen 6.5 zuwa 6.9. Masana na ƙera abubuwan da ke riƙe maganin gam, ba sa sakin sa sai sun ji tsamin ya ƙaru. Akwai kuma waɗanda zafi ko haske ke buɗe su daga waje.

Kayan da ake yin cikon da su

Kafin a zaɓi kaya sai an san ginin ƙashi. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa wani ma'adini ne na kalsiyam da fosfet mai suna hidroksiyafatayit, ragowar kuma galibi zaren kolajin ne da ruwa. Kamar kankare da rodi: ma'adinin ne ke ba da tauri, zaren ke hana shi tsinkewa.

*Simintin PMMA.* Gari ne da ruwa, a kwaɓa su a ɗakin tiyata, cikin minti goma zuwa goma sha biyar ya daskare. Yana da ƙarfi, yana da arha, likitoci sun saba da shi. Lokacin daskarewa yana fitar da zafi, wanda a ɗakin gwaji yakan kai digiri 80 ko fiye. Wannan zafi yana da amfani: a wani ƙarin ƙashi da ake kira mai manyan ƙwayoyi, bayan an kankare ramin akan cike shi da siminti, zafin ya taimaka wajen kashe ragowar. Amma zafin yana lalata magungunan da ba sa jure shi. Sannan simintin ba ya narkewa, ƙashi ba ya tsiro a cikinsa, kuma mafi yawan maganin da aka gauraya yakan maƙale a ciki har abada. Tun a 1989 Philippe Hernigou da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa metotireksat yana fita daga irin wannan siminti da ƙarfinsa.

*Simintin kalsiyam fosfet.* Brown da Chow ne suka fito da shi a Amurka a shekarun 1980. Yana daskarewa a yanayin ɗumin jiki ba tare da zafi mai yawa ba, ya rikiɗe ya zama irin ma'adinin ƙashi, jiki kuma ya riƙa cinye shi a hankali yana maye gurbinsa da ƙashi na gaske. Rauninsa shi ne gautsi. Ba zai ɗauki nauyin mutum a ƙashin cinya shi kaɗai ba.

*Gilashi mai haɗewa da ƙashi.* A 1967 wani kanar na sojan Amurka da ya ga yadda ake yanke wa sojoji gaɓoɓi a yaƙin Biyetnam ya ƙalubalanci Larry Hench na Jami'ar Florida da ya samo abin da jiki ba zai ƙi ba. A 1969 Hench ya haɗa gilashin da ake kira 45S5, wanda kashi 45 cikin ɗari nasa silika ne, kuma aka ga yana mannewa da ƙashi. Sabbin nau'o'insa suna da ƙofofi ƙanana ainun, waɗanda ke shanye magani kamar soso.

*Robobi masu narkewa.* Fitaccensu shi ne PLGA, dangin abin da ake yin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa da shi. A jiki yana wargajewa zuwa asid iri biyu da jiki ya san yadda zai fitar. Daɗin aiki da shi shi ne, ta hanyar sauya ma'aunin sinadaransa biyu ana iya tsara ya narke cikin makonni ko watanni, haɗin rabi da rabi shi ya fi saurin narkewa. Illarsa ita ce tsamin da yake bari, wanda kan jawo kumburi, shi ya sa ake gauraya shi da kalsiyam fosfet.

*Kunun gel.* Wasu ruwa-ruwa ne da ake ɗurawa da allura, suna jin ɗumin jiki sai su kama kamar kamu. Suna shiga kowane lungu na rami, amma ba su da ƙarfin tallafar komai.

Tunda babu wanda ya cika goma a cikinsu, yawancin binciken yau a kan haɗa su ne: ƙarfen taitaniyam ko yumɓu ya ɗauki nauyi, roba ko gel ya ɗauki magani.

Inda firinta mai 3D ta shigo

Daga hotunan na'urar CT ana iya zana ainihin siffar ƙashin da za a cire a kwamfuta, a buga madadinsa daidai da majiyyacin. An riga an fara dasa irin wannan ƙarfen taitaniyam a jikin mutane, musamman a ƙugu inda siffar ƙashin ke da murɗiya. Firinta tana kuma ba da damar tsara ƙofofin ciki, domin jijiyoyin jini da sabon ƙashi sun fi shiga ƙofofin da faɗinsu ya kai wajen maikuromita 300 ko fiye, wato kusan sulusin milimita.

A nan ne wata matsala mai wuya take. Maganin da ke kashe ƙwayoyin kansa yana kashe ƙwayoyin da ke gina sabon ƙashi. Sinadaran da ke zaburar da tsiron ƙashi kuma ana fargabar su zaburar da ragowar kansar. Ba a shuka iri rana ɗaya da feshin maganin ciyawa mai ƙona komai. Don haka masu ƙira ke gina cikon hawa-hawa: fatar waje ta saki maganin kansa a makonnin farko ta ƙare, sannan na ciki ya buɗe da abin da ke kiran ƙwayoyin gini.

Zafi a matsayin magani

Ƙwayoyin kansa ba sa jure zafin digiri 41 zuwa 45 kamar yadda lafiyayyu ke yi. Idan aka gauraya cikon da ƙurar ƙarfe mai jin maganaɗisu, aka sa gaɓar a cikin na'urar da ke juya maganaɗisu da sauri, ƙurar za ta ɗumama daga ciki ba tare da an sake yanka ba, kuma ana iya maimaitawa. Likitoci a Jami'ar Mie ta Japan sun gwada wannan da simintin kalsiyam fosfet a kan wasu 'yan marasa lafiya da kansa ta bazu zuwa ƙashinsu. Akwai kuma masu amfani da hasken leza, amma haske ba ya ratsa nama da nisa, ƙashin cinya kuwa a binne yake cikin tsoka.

Me ya kai asibiti, me ke ɗakin gwaji?

A nan sai mai karatu ya yi hattara da kanun labarai. Abubuwan da suka zama aikin yau da kullum su ne simintin da ke ɗauke da maganin ƙwayoyin cuta, da manyan ƙarafunan maye gurbin ƙashi da aka shafe da azurfa don rage kamuwa da cuta, irin waɗanda ake amfani da su a Jamus da wasu ƙasashen Turai. Shi kuwa cikon da ke sakin maganin kansa a ƙashi, mafi yawansa har yanzu yana matakin gwaji a kan ƙwayoyin halitta da ɓeraye.

Dalilan jinkirin suna da yawa. Ɓera ba ya ɗora kilo 60 a kan ƙafarsa. Ciwon ba shi da yawa, mutum ƙalilan ne cikin miliyan ke kamuwa a shekara, don haka tara isassun majiyyata don babban gwaji aiki ne na shekaru da ƙasashe da yawa. Abin da ya haɗa na'ura da magani kuma sai ya tsallake sharuɗɗan duka biyun. Sannan idan maganin ya yi yawa bayan an ɗinke, ba a iya tsayar da shi kamar yadda ake cire ƙarin ruwa, sai an sake tiyata.

Wani taimako ya zo daga inda ba a zata ba: karnuka. Manyan karnuka suna kamuwa da ostiyosakoma fiye da mutane nesa ba kusa ba, kuma ciwon nasu ya yi kama da namu sosai. Likitocin dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado ta Amurka sun daɗe da gwada wani soso mai narkewa da ke ɗauke da sisplatin a ƙafafun karnukan da aka yi wa tiyata, abin da ya ba masana damar ganin dabarar a jikin dabba mai girma wadda ciwon ya kama da kansa.

Yanzu mu koma kan Terry Fox. Ko da a ce an samu cikon da ya fi kowanne inganci a zamaninsa, ba zai kai ga ƙwayoyin da suka riga suka sauka a huhu ba. Cikon mai gadin ƙofa ɗaya ne. Aikinsa shi ne hana ciwon dawowa a wurin tiyata, ya ba likita damar ceto ƙafar da a da sai an yanke, ya kuma taimaki ƙashi ya sake ginuwa. Kemoterafin da ke zaga jiki yana nan daram.

Abin da ya shafe mu kai-tsaye

Duk wannan fasaha tana amfani ne idan akwai ƙafar da za a ceto. A wurarenmu, yaro kan fara kukan gwiwa a ce buguwar ƙwallo ce, ko tsayi ne yake yi. Daga nan a je wurin mai ɗori, a ja, a murza, a ɗaure, wata da watanni su wuce. Masu ɗori suna da gurbinsu a al'umma, amma ƙari ba targaɗe ba ne, kuma ƙashin da kansa ta cinye yana iya karyewa da ƙaramin matsi.

Ga alamomin da bai kamata a yi wasa da su ba: ciwon ƙashi da ya wuce makonni bai lafa ba, musamman mai tayar da yaro daga barci, kumburi kusa da gwiwa ko kafaɗa da ke ƙaruwa, ɗingishi ba tare da dalili ba, da karaya daga 'yar faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba. Yawancin masu irin wannan ciwo ba kansa ce ke damunsu ba, amma hoton ƙashi guda ɗaya yana iya raba gardama. Idan hoton ya nuna abin zargi, a nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa ko asibitin ƙashi irin na Dala a Kano, kuma kada a yarda a yanka ko a tsaga kumburin a ko'ina kafin ƙwararru su gani, domin yadda aka ɗebi samfurin farko yana iya yanke hukuncin ko za a ceci ƙafar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Mai tambaya ko gyara yana iya ajiyewa a ƙasa, sai mun haɗu a darasi na gaba.